Taya da maɗaurin ja: abin da ƙungiyar makiyaya za ta duba kafin ta shigar da kat-kat daji

Darasinmu na wannan karo ba a kan allura ko maganin tsutsa yake ba, a kan mota yake. Dalili shi ne ƙungiyoyi da dama yanzu sun mallaki kat-kat, wasu da kuɗin aljihunsu suka saya ta hannu, wasu kuma wani shiri ne ya bar musu ita da ya ƙare aikinsa. Da wannan mota ake kai dusa da ƙulin auduga rugage, da ita ake kai ma'aikacin kiwo wurin garken da ciwo ya shiga, da ita kuma ake ɗaukar maganin riga-kafi.

Maganin riga-kafin nan shi ya sa ni, ma'aikacin lafiyar dabbobi, nake magana a kan taya. Allurar ciwon huhun shanu da ta annobar awaki da tumaki ana riƙe su ne cikin sanyi, tsakanin digiri 2 da 8. Ƙanƙarar da ke cikin glasiya ba ta jiran kowa. In mota ta kafe a rairayi tun hantsi har la'asar, ƙanƙara ta narke, maganin ya yi zafi, kuma babu wata alama a jikin kwalba da za ta nuna maka ya lalace. Za a yi wa dabbobi allura, a huda musu kunne, makiyayi ya tafi da kwanciyar hankali, alhali garkensa ba shi da kariya. Ga kuma mutanen da aka tara a bakin rijiya tun asuba da dabbobinsu ba kiwo, waɗanda in suka watse ba lalle su sake dawowa gobe ba.

Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce, saboda haka tambaya ta farko ita ce ina motar take yawan zuwa. Arewacin Dakoro, Bermo, Tanut, Belbeji har zuwa Tesker rairayi ne. Adar, wajen Keita da Buza, duwatsu ne masu yanka. Gulbin Maradi, Maggiya da kwarin Tarka kuwa, in watan Agusta ya kama, taɓo ne mai riƙe mota kamar danƙo. Ko'ina kuma akwai ƙaya: aduwa, bagaruwa, farar ƙaya, da kututturen geza da sabara da manoma suka sare suka bari a ƙasa.

Iri uku na taya

A kasuwa za ku tarar da tayar kat-kat iri uku, kuma galibi an rubuta haruffan a jikinta. Mai HT ta gudron ce, zanenta ƙanana ne, ba ta ƙara, ba ta shan gazuwal da yawa. Mai MT ta taɓo ce, ita ce mai manyan haƙora da ke burge ido. Mai AT tana tsakani.

Mutane da yawa in suka samu kuɗi MT suke nufa, don suna ganin mai manyan haƙora ita ce ta daji. A taɓo haka ne, domin ramukan da ke tsakanin haƙoran suna zubar da laka su sake kamawa. A rairayi kuwa haƙoran nan haƙa suke yi. Da zarar taya ta juya a wuri ɗaya, MT za ta tone rami ta zaunar da cikin mota ƙasa kafin direba ya ɗaga ƙafa. Rairayi ba a kama shi, hawa kansa ake yi. Ku dubi tafin raƙumi: ba shi da kofato mai kaifi, faffaɗa ne mai laushi, in ya taka sai ya baje. Jaki kuma da ƙaramin kofatonsa nutsewa yake. Abin da ake so taya ta yi a rairayi shi ne abin da tafin raƙumi ke yi.

A nawa ganin, motar ƙungiya da ke yin gudron rabi, laterit da rairayi rabi, AT ta dace da ita. Wadda aikinta duk a fadama yake da damina tana iya ɗaukar MT, amma a san cewa tana saurin cinyewa a gudron kuma tana ƙara shan mai.

Karatun rubutun da ke gefen taya

Nan ne nake so a tsaya, domin a nan ake cutar masu saye. Kowace taya tana ɗauke da bayaninta a gefe, kuma ko wanda bai yi lakwal ba zai iya koyon lambobin nan, kamar yadda ake koyon duba haƙoran sa a kasuwa.

Ɗauki misalin LT 235/85 R16 120/116 Q. LT na nufin tayar ƙaramar motar kaya ce, jikinta ya fi na motar shiga kauri. 235 faɗinta ne da milimita. 85 na nufin tsayin gefenta kashi 85 cikin ɗari ne na faɗin, wato kusan santimita 20 tsakanin janti da ƙasa. 16 girman janti ne. 120 kuwa lambar nauyi ce, tana nufin taya guda na ɗaukar kilo 1,400. Ta biyun, 116, ta motocin da ake haɗa wa taya biyu a gefe ɗaya ce, ba ta shafe ku ba. Harafin ƙarshe na gudu ne, Q kilomita 160 a awa, kuma babu wanda zai kai nan a hanyar Abalak.

Lambar nauyi ita ce wadda ba a wasa da ita. 104 kilo 900 ne, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120. Yanzu ku yi lissafin abin da kuke ɗorawa ranar kasuwa ko ranar kai abincin dabbobi. Buhu 10 na dusa, mai kilo 50 kowanne, kilo 500 ke nan. Tano ɗaya na ruwa mai lita 200, kilo 200. Mutum shida a baya, a ce kilo 400. An wuce tan ɗaya, kuma kusan duka wannan nauyi a kan tayoyin baya biyu yake, ban da nauyin motar kanta. Tayar da aka yi wa motar shiga ba za ta jure wannan a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma gudron ya fi haka nesa. Abin lura kuma, nauyin da aka rubuta yana aiki ne kawai in taya na cike da iskar da aka rubuta kusa da shi. In an rage iska, ƙarfin ɗaukar kaya ma ya ragu.

Za ku ga wani rubutu kamar 6PR, 8PR ko 10PR. Wannan ƙarfin jikin taya ne. Mai 8 ko 10 ta fi jure ƙaya da dutse. Tana da tauri, masu zama a baya za su ji ta a ƙugu in mota ba kaya, amma a ƙasar ƙaya wannan ciniki ne mai riba.

Sai shekarun haihuwa. Ku nemi wurin da aka rubuta DOT, ku bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin sati na 23 na shekarar 2021. Roba tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba, kuma ranarmu tana hanzarta tsufan. Tayar da ta wuce shekara shida sai a riƙa dubanta da kyau, wadda ta kai goma kuwa a ajiye ta ko da zanenta na nan cif. Yawancin tayoyin hannu da ke shigo mana daga bakin teku an cire su ne daga motocin Turai, an wanke an shafa musu baƙi. Ku lanƙwasa gefen da hannu ku duba ko akwai ƙananan tsaga kamar na busasshiyar fata. Ku sa hannu ciki ku shafa, ko akwai faci babba ko kumburi. In kun ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a tsakiya, to a yi hattara, galibi tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce don sanyi, a zafinmu kuma cinyewa take da sauri. Wasu sababbin AT ma suna ɗauke da wannan hoto, amma su za ku ga AT ko LT a rubuce.

Tsayin gefen taya ma yana da amfani. A janti 16 mai 235/85 kuna da santimita 20 na roba. A janti 18 mai 265/60 kusan 16 kawai. Wanda zai rage iska a rairayi, ko ya bi duwatsun Adar, yana bukatar wannan tsayi don kada janti ya cije taya. Shi ya sa ban ga hikimar sauya wa motar daji janti zuwa manya masu ƙyalli ba. Haka nan sa taya da ta fi girman da kamfani ya tsara: tana gogar jikin mota in an karya kwana, tana rage ƙarfin ja, tana wahalar da ambireyaj, kuma agogon kilomita ya daina faɗin gaskiya, ga ƙungiya da ke biyan mai bisa lissafin kilomita. Girman da ya dace yana rubuce a wata ƴar takarda a bakin ƙofar direba ko a littafin motar.

Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, iri ɗaya, kuma cinyewarsu ta yi kusa da juna. In an sa kat-kat, gaba da baya suna juyawa tare ne a ɗaure. In wata taya ta fi wata girma, ƙarfen cikin akwatin giya ne ke biyan bambancin. Wannan dalili ne kuma ya sa ba a tafiya da kat-kat a kan gudron a irin su Hilux da Land Cruiser mai ɗaukar kaya: da an hau kwalta a mayar da ita 2H. Sakur ma ya zama irinsu. Mai zuwa Tesker ko Cintabaraden sakur biyu zai ɗauka.

Mai shambur ko marar shambur

Land Cruiser ɗin daji da yawa suna zuwa da taya 7.50 R16 a kan janti mai zobe, da shambur a ciki. Amfaninsa shi ne ana iya kwance shi a daji da ƙarfe biyu da guduma, a yi faci a mayar. Illarsa ita ce ƙaya ɗaya ta isa ta sauke iska nan take. Marar shambur kuwa sau da yawa ƙaya na shiga ta toshe ramin da kanta, iska na fita a hankali, kuma ana toshe hudar da meshi cikin ƴan mintoci ba tare da an cire taya ba. Meshi na aiki ne a kan zane kawai. Yankan gefe ba shi da gyaran da za a amince da shi a gudron, ko da mai faci ya ɗinke shi da zare ya rantse.

Masu janti mai zobe su kula da abu biyu. Kafin a mayar da shambur a shafa cikin taya da tsumma, domin ƙayar da ta huda tana nan a maƙale, in ba a cire ta ba za ta sake hudawa kafin kilomita biyar, haka ma ƙwayar yashi in ta shiga tsakani. Na biyu, lokacin ba da iska zoben nan yana iya fincikewa in bai zauna daidai ba, kuma ya kashe mutane. A kifa tayar zoben na kallon ƙasa, ko a tura ta ƙarƙashin mota, kada kowa ya sunkuya a kanta.

Iska

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya daga wannan darasi, ma'aunin iska zan zaɓa. Ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu, kuɗinsa bai kai na buhun dusa ba, amma yawancin motocin ƙungiyoyi da nake shiga ba su da shi. Direba yana buga taya da ƙafa ya ce ta yi.

A gudron a bi abin da aka rubuta a bakin ƙofa, a ƙara wa na baya in an yi lodi. A auna da safe kafin a tashi. In an yi tafiya taya ta yi zafi, awon zai hau kaɗan, wannan daidai ne, kada a sauke shi. A laterit mai ƙunya-ƙunya a rage kaɗan, mota za ta daina tsalle. In an shiga rairayi mai laushi a sauko zuwa bar 1.5, in bai isa ba zuwa 1.2. Masu ma'aunin da ke nuna PSI su sani bar ɗaya kusan 14.5 ne, wato 1.5 ya kama kusan 22. In an riga an kafe ana iya sauka har bar 1 don a fita kawai. Abin da ke faruwa shi ne tafin tayar yana ƙara tsawo a ƙasa, nauyi ya rabu a wuri mai faɗi, mota ta hau kan rairayi.

Rage iska yana da sharaɗi. Ba gudu, kada a wuce kilomita 30 zuwa 40 a awa. Ba karya kwana da ƙarfi, domin taya na iya fita daga janti, mai shambur kuma bakin shambur ɗin na iya tsinkewa. Mota mai lodi sosai ba za ta sauka ƙasa kamar marar kaya ba. Kuma da an fito ƙasa mai tauri a mayar da iska, domin taya mai ƙarancin iska a gudron tana lanƙwashewa tana zafi har ta fashe, kuma gefenta da ya bultso shi kututture ke nema. Saboda haka mai rage iska dole ya mallaki abin mayar da ita, ko kwampireso mai aiki da batir ko famfon ƙafa mai kyau. Rairayi ya fi tauri da sassafe lokacin da yake da sanyi, da rana tsaka kuma ya saki. Wanda ya tsara tafiyarsa ya ƙetare tuddai kafin hantsi ya rage wa kansa rabin wahala, ya kuma rage wa glasiya.

Inda ake ɗaura igiya

Kowane makiyayi da ya taɓa jan ruwa da raƙumi ko sa a rijiya mai zurfi ya san abin da igiya ke yi in ta tsinke tana ɗauke da wasaki cike. Ba faɗuwa take ba, dawowa take da bulala. To a jan mota nauyin ba na wasaki ba ne, tan uku ne da ya nutse a taɓo, kuma abin da ke dawowa sau da yawa ba igiya kaɗai ba ce, da guntun ƙarfe a bakinta.

Ku leƙa ƙarƙashin motarku. A gaba za ku iya ganin wasu ƴan zobba na siririn ƙarfe da aka yi wa walda a jikin shasi. A motoci da yawa waɗannan an yi su ne don ɗaure mota a cikin jirgin ruwa ko a kan babbar mota, wasu kuma don a ja ta a hankali a kan titi in ta mutu. Ba a yi su don fizga ba. Maɗaurin ja na gaskiya ƙarfe ne mai kauri, ko ƙugiya ko faranti mai rami, wanda aka ɗaure kai tsaye a ƙashin shasi da bulon biyu ko uku. Ku share kan bulon ɗin ku duba lamba: 8.8 ko 10.9 ake so. Bulon marar lamba, ko mai 4.6, na ƙofar gida ne. Maɗaurin da aka saya a kanti nagari yana da nauyin da yake ɗauka a rubuce a jikinsa, kuma an yi shi ne don irin motar, ramukansa suna dacewa da na shasi.

Na san abin da za a ce: a kai wa mai walda ya lanƙwasa rodi ya manna. Masu waldarmu gwanaye ne a abubuwa da yawa, amma rodin gini ba a yi shi don wannan ba, kuma walda a kan tsohon shasi tana raunana wurin da ta ƙona. In babu na kanti, gara a yanko faranti mai kaurin milimita 10 ko fiye, a huda shi daidai da ramukan da ke jikin shasi tun daga kamfani, a ɗaure da bulon mai lamba. Kafin haka makaniki ya ƙwanƙwasa wurin da guduma. In tsatsa ta ci shasin, ko an taɓa yi masa walda bayan hatsari, maɗauri mai kyau zai fita ne da guntun shasin gaba ɗaya. A sa biyu a gaba, hagu da dama, don a iya raba nauyi da gajeriyar igiya tsakaninsu, shasi ba ya murɗewa.

A baya kuma akwai abin da nake roƙon kowa ya riƙe. Ƙwallon ƙarfen nan da ake rataya rimork a kansa ba wurin ɗaura igiyar ja ba ne. Shi ne ya fi sauƙin ratayawa, shi ya sa hannu ke zuwa gare shi. An yi shi ne don ja a hankali, wuyansa siriri ne, in aka fizga yana karyewa, kuma dunƙulen ƙarfe ne da igiya za ta harba kai tsaye zuwa gilashin motar da ke ɗaya bakin. A ƙasashe da dama an rasa rayuka ta wannan hanya. In motar na da bututu mai kusurwa huɗu wanda ƙwallon ke shiga, a zare ƙwallon, a sa ƙarfen ja da aka yi wa wurin. Haka kuma ba a ɗaurawa a parshok, ko ƙarfen kare gaba da ake sawa don shanu, ko sandar sitiyari, ko lam, ko kan pon. Na ga motar wata ƙungiya da aka ja ta sandar sitiyari a wani kori: ta fito daga taɓo, amma tayoyin gaba kowace na kallon nata gefen, ta kwana uku a wurin ana jiran kayan gyara.

Igiya da abin haɗi

Igiyar ja iri biyu ce kuma ba a musanya su. Akwai wadda ba ta miƙewa, sarƙa da kabul na cikin wannan aji, aikinta ja a hankali ba tare da fizga ba. Akwai kuma sangal na nailan mai miƙewa kusan kashi 20 cikin ɗari, tsawonsa mita 8 zuwa 9, wanda ke tara ƙarfi kamar roba ya ciro motar da ta kafe. Fizga da sarƙa yana karya ƙarfe domin babu abin da ke shanye bugun. In babbar mota ko tarakta ce ta zo taimako da sarƙarta, a roƙi direban ya miƙe sarƙar tukuna sannan ya ja sannu.

Ƙarfin sangal mai miƙewa ya zama ninki biyu zuwa uku na nauyin motar da ta fi sauƙi cikin biyun, da kayanta. Nauyin yana cikin kart giriz, a layin PTAC. Ga motar da ke wajen tan 3, sangal mai tan 8 ya yi. Kada a ce bari a sayi mai tan 15 don ya fi ƙarfi: ƙaramar mota ba za ta iya miƙe shi ba, sai ya zama kamar sarƙa.

Abin haɗi shi ne ƙarfen nan mai siffar kofaton doki da ƙusa mai zare, a kanti ana tambayarsa da sunan maniy. Nagari yana da haruffan WLL da lamba a jikinsa, 3.25 ko 4.75. Wani zai ce yaya za a haɗa ƙarfe mai tan 4.75 da igiya mai tan 8? Lissafin ba ɗaya ba ne. Lambar igiya ita ce inda take tsinkewa. Lambar maniy kuwa nauyin aikinsa ne na kullum, ba ya karyewa sai an ninka shi aƙalla sau biyar, wato sama da tan 23. Haka ake so, domin in wani abu zai gaza, gara igiya ta gaza da ƙarfe ya tashi. Maniy marar rubutu ko ɗaya kada ya shiga motarku. In an ɗaure ƙusarsa har ƙarshe a mayar da ita baya kaɗan, in ba haka ba bayan ja ba za ta kwantu da hannu ba. Kuma ba a haɗa igiya biyu da maniy a tsakiya, domin in ɗaya ta tsinke ƙarfen ya zama harsashi. A zura bakin kowace cikin na ɗayar, a sa naɗaɗɗen buhu a tsakiyar ƙullin don ya kwantu daga baya.

Ranar da aka kafe

Ja shi ne mataki na ƙarshe. Da direba ya ji mota na nutsewa ya ɗaga ƙafa, kada ya ƙara wuta. A sauka a duba ko an kulle kan tayoyin gaba, a motocin da ke da abin murɗawa mai FREE da LOCK, domin akwai masu sa giyar kat-kat alhali tayoyin gaba ba sa ja. A sauke mutane da buhuna. Glasiya a kai ta inuwa a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, kada a riƙa buɗe ta. A rage iska. A ɗauki shebur a share gaban tayoyi huɗu da ƙarƙashin pon har a ga haske ta ƙasan mota. A sa tol ko katako ko tabarmin kaba ƙarƙashin taya. A gwada komawa baya a kan sawun da aka shigo, da ƙaramin giya 4L, a hankali. Mafi yawan kafewar rairayi a nan take ƙarewa ba a ɗauko igiya ba.

In sai an ja, motar da za ta ja ta tsaya a ƙasa mai tauri, a miƙe da wadda ta kafe. A shimfiɗa sangal ba murɗiya. A rataya bargo ko jiƙaƙƙen buhu a tsakiyarsa, don in ya tsinke ya faɗi ƙasa. Kowa ya ja baya zuwa gefe, nisan da ya kai tsawon igiyar sau ɗaya da rabi, musamman yara, waɗanda a ƙauye su ne ke fara zuwa kallo. Dabbobi ma a kore su. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, kuma babu mai tsallake igiya in an riga an ɗaura. Gwajin farko a ja a hankali ba fizga. In bai yi ba a bar sako-sako na mita biyu, mai ja ya tashi da giya ta biyu a 4L, da saurin da bai wuce sassarfar mutum ba, direban da ya kafe kuma yana taimakawa da tasa motar. In an yi sau uku ba ta motsa ba, cikinta ne ya zauna, a koma ga shebur. Taɓo ya fi rairayi riƙo domin yana tsotse mota, a nan sai an ɗaga ta da jak a kan faffaɗan katako an cusa itace ko duwatsu ƙarƙashin taya.

Kori mai gudu kuwa ba a shigarsa. A jira ruwa ya janye, ko da za a kwana.

Bayan an dawo gida a wanke sangal da ruwa zalla, domin yashin da ya shiga cikin zare yana yanka shi daga ciki. A shanya shi a inuwa, a naɗe a sa cikin buhu, kada a bar shi a bayan mota rana na dukansa ko kusa da batir da gazuwal. Wanda ya fara tsagewa ko ɗinkin bakinsa ya saki a cire shi daga aiki. Ma'ajin ƙungiya ya rubuta kayan nan a littafi ɗaya bayan ɗaya, shebur, ma'auni, famfo, meshi, sangal, maniy biyu, katakon jak, ya rubuta lambar DOT ta kowace taya da ranar da aka sa ta, direba ya sa hannu, kuma a ƙirga su a duk ranar da mota za ta fita da glasiya.